Tambayoyin Masu Karatu: Yadda Gambara da Rok Suka Huda Katangar da Ke Tsakaninsu

Wasiƙun da suka taru a wannan karon sun fi karkata ga kiɗan Amurka, musamman haɗin gwiwar da aka riƙa yi tsakanin mawaƙan gambarar zamani, wato hip hop, da makaɗan rok masu jita da ganguna. Mun zaɓi biyar daga cikinsu, mun kuma taƙaita waɗanda suka yi tsawo.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sha jin ana cewa waƙar Walk This Way da Run-DMC suka yi tare da Aerosmith a 1986 ita ce ta fitar da hip hop daga unguwannin baƙaƙen fata ta kai shi duniya. Shin haka abin yake, ko yabo ne da ya wuce kima? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, maganar tana da tushe, sai dai masu ba da labarin sun ƙara mata gishiri, har ta koma kamar kafin 1986 kaɗe-kaɗen biyu ba su taɓa jin ɗuriyar juna ba. Hip hop ya tashi ne a unguwar Bronx ta birnin New York, kuma ana danganta farkonsa da wani biki da DJ Kool Herc, haifaffen Jamaika, ya yi kiɗa a cikinsa ranar 11 ga Agustan 1973. Abin da Herc ya lura da shi shi ne, masu rawa sun fi zabura a daidai gaɓar da mawaƙi ya yi shiru, sauran kayan kiɗa suka ja baya, aka bar ganga ita kaɗai. Saboda haka sai ya riƙa samo faifai iri ɗaya guda biyu yana ɗora su a kan na'urori biyu, da zarar gaɓar ta ƙare a ɗaya sai ya tayar da ita a ɗayan, ta yadda 'yan daƙiƙoƙi za su koma mintuna. Mai irin wannan sana'a ba ruwansa da launin fatar wanda ya buga gangar, ganga mai nauyi kawai yake farauta. Ta haka faya-fayan rok suka shiga akwatunan masu juya faifai tun da wuri, ciki har da The Big Beat ta Billy Squier da ita kanta Walk This Way, wadda Aerosmith suka fitar a 1975 kuma take buɗewa da ganga tsura. Darryl McDaniels, wanda aka fi sani da DMC, ya sha ba da labarin cewa sun daɗe suna gambara a kan wannan gangar ba tare da sun san kalmomin waƙar ba, domin ba a barin faifan ya kai inda Steven Tyler, mawaƙin Aerosmith, zai buɗe baki.

Ta ɓangaren 'yan rok ma an riga an fara leƙe. A 1981 waƙar Rapture ta ƙungiyar Blondie, wadda take ɗauke da baitocin gambara kuma ta ambaci Fab 5 Freddy da Grandmaster Flash, ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard, mujallar da ke jera waƙoƙin da suka fi karɓuwa a Amurka. A shekarar ne kuma The Clash, 'yan Ingila, suka gayyaci Grandmaster Flash da yaransa su buɗe musu wasa a New York, amma masoyan The Clash suka yi musu ihu har da jifa. A 1984 Afrika Bambaataa ya yi waƙa tare da John Lydon, tsohon mawaƙin Sex Pistols, kuma a wannan shekarar su kansu Run-DMC suka fitar da Rock Box, inda Eddie Martinez ya kaɗa jita mai ƙara a ƙarƙashin muryoyinsu.

To, me ya bambanta 1986? Amsar tana wajen masu tashoshi. Gidajen rediyon Amurka sun kasu ne gida-gida bisa irin masu sauraron da masu talla suke son kaiwa gare su, kuma tashar da ta ce ta rok ce ba ta sa waƙar gambara komai karɓuwarta. Tashar talabijin ta MTV, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 1981, ita ma ta ɗauki kanta tashar rok, har ta kai David Bowie ya tsare ɗaya daga cikin masu gabatar da shirye-shiryenta a wata hira a 1983 yana tambayar dalilin ƙarancin baƙaƙen mawaƙa a cikinta. Rick Rubin, matashin da ya tashi da kiɗan rok kuma ya kafa kamfanin Def Jam tare da Russell Simmons, ya san wannan ƙofar da mabuɗinta. Shi ya ba da shawarar a sake waƙar gaba ɗayanta da kalmominta, a kuma kira Tyler da Joe Perry, makaɗin jitar Aerosmith, situdiyo. Run da DMC, masu gambarar ƙungiyar, ba su so ba da farko, mai juya musu faifai Jam Master Jay ne ya fi ɗaukar abin da muhimmanci. Da waƙar ta fito sai ta kai matsayi na 4, alhali ta asali iyakarta na 10. Kundin Run-DMC da waƙar take ciki, Raising Hell, ya sayar da sama da kwafi miliyan uku a Amurka, kuma kafin shekarar ta ƙare Run-DMC sun zama ƙungiyar gambara ta farko da ta hau bangon mujallar Rolling Stone.

Bidiyon ya nuna ƙungiyoyin biyu suna atisaye a ɗakuna biyu maƙwabta, kowace tana damun 'yar'uwarta da ƙara, har Tyler ya fasa bangon da sandar makirufo. Wannan hoton ne ya zauna a zukatan mutane, kuma shi ya sa ake zaton bango ne na kiɗa aka rusa. A ganina bangon na masu tashoshi ne da masu talla, domin makaɗan sun daɗe suna miƙa wa juna hannu ta samansa. Abin da waƙar ta yi shi ne ta hana mai tashar rok uzuri: ga jita, ga Steven Tyler, da wane dalili zai ƙi sa ta? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma shekara biyu bayan haka MTV ta buɗe shiri na musamman na gambara mai suna Yo! MTV Raps.

Tambaya: Ni abin da nake son sani shi ne, wa ya fi cin ribar irin wannan haɗin, masu gambara ko masu jita? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, kin taɓo inda ke yi wa mutane da yawa ƙaiƙayi. A 1986 Aerosmith ne suke cikin halin ni 'yasu. Miyagun ƙwayoyi sun ci ƙarfinsu, Joe Perry ya bar ƙungiyar a 1979 bai dawo ba sai 1984, kuma kundin da suka fitar a 1985 bai yi kasuwa ba. Run-DMC kuwa tauraronsu yana kan haskawa. An ruwaito cewa dala 8,000 aka biya Tyler da Perry ladan aikin yini guda, amma babbar ribarsu ba a nan take ba. Su ne marubutan waƙar a takarda, don haka kason marubuci na duk abin da sabuwar ta samo nasu ne, sannan matasan da ba su taɓa jin sunansu ba suka gan su a talabijin. Kundinsu na 1987, Permanent Vacation, ya sayar da miliyoyi, suka ci gaba da cika filayen wasa, har suka samu waƙarsu ta farko da ta kai matsayi na ɗaya a 1998. Su Run-DMC sun samu yarjejeniyar talla da kamfanin Adidas, abin da babu mawaƙin gambarar da ya taɓa samu, amma rigima da kamfanin faifansu ta jinkirta kundinsu na gaba zuwa 1988, kuma kafin lokacin kunnuwan matasa sun koma ga Rakim da Public Enemy da N.W.A.

Akwai kuma abin lura game da waɗanda suka fara shiga ta ƙofar da aka buɗe. Kundin gambara na farko da ya hau saman jadawalin Billboard shi ne Licensed to Ill na Beastie Boys, samari uku fararen fata da suka faro da kiɗan rok, kuma Rubin ne ya haɗa shi, ya cika shi da gangunan Led Zeppelin da jitar Kerry King na ƙungiyar Slayer. Waƙar hip hop tsantsa ta farko da ta kai na ɗaya ita ma ta farar fata ce, wato Vanilla Ice a 1990, wanda ya ɗauko kiɗan Under Pressure na Queen da David Bowie ba da izini ba, daga baya aka sasanta aka sa sunayensu cikin marubuta. Ba na cewa Beastie Boys ba su iya ba, sun iya ƙwarai, amma saurin da kasuwa ta karɓe su ya sa wasu suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Maganar ta fi ciwo idan aka tuna cewa shi kansa rok baƙaƙen Amurka irin su Sister Rosetta Tharpe da Chuck Berry da Little Richard ne suka aza harsashinsa, kafin kasuwa ta mayar da shi kiɗan fararen fata, har ta kai Vernon Reid da Greg Tate da wasu suka kafa ƙungiyar Black Rock Coalition a 1985 don neman a ba baƙaƙen makaɗan rok haƙƙinsu.

Ta fuskar shari'a ma kuɗin ya fi gangarawa wajen masu tsofaffin waƙoƙi. A 1991 wata kotun tarayya a New York ta yanke hukunci a ƙarar da ta shafi Biz Markie da Gilbert O'Sullivan cewa yanko sautin wani ba da izini ba keta haƙƙin mallaka ne, kuma daga nan kamfanoni suka daina fitar da kundi sai an biya kowane yanki da aka ara. Kundin da a da ake ɗinka shi da yankuna barkatai ya zama abin da ba kowa zai iya biya ba. A 1997 Puff Daddy ya gina waƙar juyayin Notorious B.I.G. a kan Every Breath You Take ta The Police, Sting, mawaƙin ƙungiyar, ya kwashi kason marubuci, shi kuwa abokin kiɗansa Andy Summers, wanda jitarsa ce ake ji a waƙar, ba shi cikin marubuta. Ashe ko a tsakanin 'yan rok ɗin ma rabon bai tafi daidai ba.

Tambaya: Ina koyon haɗa sauti. Me ya sa wasu waƙoƙin da suka haɗa gambara da jita suke daɗi, wasu kuma sai ka ji kamar rediyo biyu aka kunna lokaci guda? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗan'uwa, kwatancenka ya yi daidai. Kaɗe-kaɗen biyu suna tafiya ne a kan bugu huɗu, kuma dukansu suna sauke ƙaramar ganga mai tsauri a bugu na biyu da na huɗu, gadon da suka samu daga kiɗan baƙaƙen Amurka. Haka nan makaɗin jitar rok yakan riƙe gajeren zubi guda yana maimaita shi, wanda a aikace shi ne abin da mai juya faifai yake yi da hannunsa. Don haka ƙashin bayansu ɗaya ne. Matsalar tana tasowa ne a wurin zama: jita mai ƙara tana cika daidai zangon sautin da muryar ɗan Adam take zaune a ciki, kuma mai gambara yana buƙatar a ji kowace gaɓa ta kalmarsa. Idan jitar ba ta numfasawa, murya za ta nutse. Saurari zubin Joe Perry, za ka ji yana kaɗawa yana tsayawa, yana barin rami, kuma baitocin Tyler tun a 1975 sun fi kama da magana mai sauri a kan rerawa. Shi ya sa rigar ta zauna wa Run-DMC ba tare da an rage ta ba.

Ganga ma tana da nata sirrin. Bugun John Bonham a When the Levee Breaks, wanda masu gambara suka yi ta ara, an ɗauke shi ne a zauren matakala na wani tsohon gida mai suna Headley Grange a Ingila, aka rataya makirufo daga sama, shi ya sa yake da faɗi da amsa-kuwwa, kuma tafiyarsa a hankali tana ba mai baiti sarari. A ɗaya gefen, haɗin Anthrax, 'yan rok masu gudun kiɗa, da Public Enemy a Bring the Noise a 1991 ya yi aiki ne duk da gudun kiɗan, saboda muryar Chuck D, jagoran Public Enemy, mai kauri ce da ba ta jin tsoron jita, kuma su biyun sun daɗe suna girmama juna: Chuck D ya ambaci Anthrax a waƙar ta asali, Scott Ian na Anthrax kuma yakan hau dandamali da rigar Public Enemy. Sun zagaya gari-gari tare a shekarar, masoyansu suka tsaya a fili ɗaya.

Idan kana son darasi cikakke, nemi kundin waƙoƙin fim ɗin Judgment Night na 1993, wanda kowace waƙa a cikinsa ta haɗa ƙungiyar rok da ta gambara, kamar Slayer da Ice-T, Pearl Jam da Cypress Hill, Teenage Fanclub da De La Soul. A nan za ka ji wanda ya haɗu da wanda aka liƙa kawai. Amma wanda ya fi kowa fahimtar abin a wurina shi ne Tom Morello na Rage Against the Machine, domin shi bai gayyato mai juya faifai ba, jitarsa ya koya wa aikin, yana goga igiyoyinta yana kunna maɓallinta yana kashewa har ta fitar da ƙarar gogar faifai. Sun rubuta a jikin kundinsu na 1992 cewa ba su yi amfani da sautin aro ko na'urar haɗa sauti ba.

Tambaya: Ba wannan haɗin ne ya kawo waƙoƙin tashin hankali da rashin tarbiyya ba? Daga wani uba.

Amsa: Malam, damuwarka a kan hanya take, amma a raba abu biyu. A 1992 Ice-T da ƙungiyarsa Body Count sun fitar da Cop Killer, a lokacin da ake cikin fushin dukan da 'yan sandan Los Angeles suka yi wa wani baƙar fata mai suna Rodney King. Ƙungiyoyin 'yan sanda suka nemi a ƙaurace wa kamfanin Time Warner, Shugaba George Bush babba da mataimakinsa Dan Quayle suka yi tir da waƙar, daga ƙarshe Ice-T ya cire ta daga kundin. Kalmominta masu zafi ne kuma ba na kare su. Sai dai waƙar rok ce tsantsa, jita da ganga da ihu, amma jaridu da 'yan siyasa suka riƙa kiranta gambara saboda mai ita baƙar fata ne da aka sani da gambara.

Na biyun shi ne guguwar ƙarshen shekarun 1990, lokacin Korn da Limp Bizkit da ire-irensu. Da yawa daga cikin waɗannan sun ɗauki kurari da tinƙaho daga gambara, suka bar gwanintar sarrafa harshe da kukan talaka da suka haife ta, sai ya rage fushi marar alƙibla. Bikin Woodstock na Yulin 1999 a garin Rome na jihar New York ya ƙare da ƙone-ƙone da wawashe kaya da rahotannin cin zarafin mata, aka kuma ɗora wa irin wannan kiɗan laifi. Yana da nasa kason, amma masu shirya bikin da suka tara dubban mutane a tsohon sansanin sojan sama cikin tsananin zafi, ruwa da tsada, tsaro da rauni, su ma ba za su wanke hannu ba.

Tambaya: Yanzu ba na jin irin waɗannan waƙoƙin. Abin ya mutu ke nan? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, a matsayin abin mamaki da za a tara 'yan jarida a kansa, ya wuce, domin ya zama ruwan dare. Ƙololuwarsa ta kasuwa ita ce farkon wannan ƙarnin. Hybrid Theory na Linkin Park, inda Mike Shinoda yake gambara Chester Bennington yake rerawa, shi ne kundin da ya fi kowane sayuwa a Amurka a 2001. A farkon 2004 wani mai haɗa sauti, Danger Mouse, ya ɗora muryar Jay-Z a kan yankunan kiɗan The Beatles ba da izini ba, kamfanin EMI ya nemi a dakatar da shi, sai masu shafukan intanet suka ware ranar 24 ga Fabrairu suka baza kundin kyauta. Kamfanoni suka ga abin da jama'a ke so, kuma kafin shekarar ta fita Jay-Z da Linkin Park sun fitar da Collision Course mai waƙoƙi shida da cikakken izini, ya shiga jadawali a matsayi na ɗaya, waƙa ɗaya daga ciki ta ci kyautar Grammy a 2006. Duk da haka tsohuwar ƙyama ba ta gushe nan take ba. A 2008 Noel Gallagher na Oasis ya soki gayyatar Jay-Z ya jagoranci bikin Glastonbury a Ingila, yana ganin bikin na masu jita ne, shi kuwa Jay-Z ya fito rataye da jita ya buɗe wasansa da waƙar Oasis ɗin, taron ya ɗauka.

Ba kowane yunƙuri ne ya yi nasara ba. Lil Wayne, gwani a fagensa, ya fitar da kundin rok mai suna Rebirth a 2010, masu sharhi suka yi masa ca, don kama da wane ba ta wane. Amma tasirin ya shige ciki ta wasu hanyoyin. Al'adar nan ta a gayyato mawaƙi daga wani fage ya sa baiti ɗaya a waƙa, wadda yau ta cika jadawali, a irin waɗannan haɗe-haɗen aka gwada ta aka ga tana kawo masu sauraro biyu a faifai ɗaya. Mawaƙan gambara na baya-bayan nan kamar Lil Peep da Juice WRLD sun tashi da jin Linkin Park da makamantansu, shi ya sa jita mai sanyi da kukan zuci suka zama jiki a waƙoƙinsu ba tare da sun gayyato kowa ba. Gidan karrama gwanayen rok da ke Cleveland ya shigar da Grandmaster Flash da yaransa a 2007, Run-DMC a 2009, Public Enemy a 2013, Jay-Z a 2021.

Babban abin da ya sauya shi ne wanda ke buƙatar wani. A 2017 alƙaluman kamfanin Nielsen sun nuna cewa hip hop tare da kiɗan R&B na baƙaƙen Amurka sun zarce rok a yawan saurare a Amurka a karon farko. A 1986 mai gambara ne yake neman jitar farar fata don a sa shi a tasha. A 2019 kuwa Ozzy Osbourne, dattijon rok da ya haura shekara saba'in, ya sa murya a waƙar Post Malone da Travis Scott, waƙar ta kai matsayi na 8, kuma rabon da sunansa ya shiga goman farko na jadawalin Amurka shekara talatin ke nan. Wasu daga cikin matasan da suka saurari waƙar sun riƙa tambaya a intanet ko wane ne wannan sabon mawaƙin.